Yadda ake zaɓar wa mutum fim ɗin 'yan zaman kashe wando

Akwai wani nau'in fim da in ka miƙa wa mutum shi haka kawai, bayan minti ashirin zai bugo maka waya ya ce, "Wai don Allah yaushe za a fara fim ɗin?" Babu bos, babu jarumin da ya rantse sai ya rama kisan ubansa, babu auren da dangi suka taru za su hana. Samari ne ko 'yan mata da suka gama makaranta, ko suke dab da gamawa, suna gararamba a gari, suna musun banza, suna haɗa kuɗin mai, gari ya waye kowa ya kama gabansa. A wajenmu sunan irin waɗannan mutane 'yan zaman kashe wando. Wanda ya taɓa yin irin zaman nan, in ya dace da fim ɗin da ya yi daidai da nasa, sai ka ga an gama ya yi shiru yana laluben lambar wani abokin da ya shekara goma bai kira ba.

Ni na taɓa shan kunya a kan wannan. Wani abokina ya ce in ba shi fim mai daɗi, na ɗauko Slacker na Richard Linklater na ba shi, fim ɗin da kyamara ke bin mutum ɗaya na 'yan mintoci a garin Austin, ta sake shi ta bi wani, har a ƙare ba a koma kan na farko ba. Har yau in na buɗe baki zan yi maganar fim sai ya ce, "Malam, bar shi kawai." Fim ɗin ba shi da laifi, ni ne na fara ba yaro tuwon dawa kafin ya yi haƙori. Ga yadda nake yi yanzu.

Mataki na farko: ka tabbatar irinsa ne ka riƙo

Alama uku nake dubawa. Lokacin labarin gajere ne, dare ɗaya, ko yini ɗaya, ko hutu ɗaya. Sannan gungu ne ke riƙe da fim ɗin, in ka cire mutum ɗaya sauran za su ci gaba da hirarsu. Ta ukun ita ce mai sa ƙwalla: akwai abin da ke shirin ƙarewa, mutanen ciki ba su sani ba, kai mai kallo ka sani.

In babu ta ukun, barkwanci ne kawai. In kuma rabin fim ɗin ya koma yadda yaro ya shiryu ya zama gwarzo, wannan ma ya fita daga sahu. Lakshya na Farhan Akhtar, na 2004, da Hrithik Roshan ya fito a matsayin saurayin da bai san inda ya dosa ba, yana farawa kamar irin namu ne, amma ya ƙare a fagen yaƙin Kargil. Fim ne mai kyau, sai dai kada ka ba wanda ke neman kewar majalisa.

Mataki na biyu: tambayi zaman da ya yi

Kada ka tambaye shi wane irin fim yake so. Zai ce maka na faɗa ko na soyayya, ka ga hira ta mutu. Tambaye shi inda ya kashe nasa wandon. A teburin mai shayi ne, ko a dakalin ƙofar gida, ko a shagon wani aboki? Tsakanin gama sakandare da jiran sakamakon JAMB ne, ko lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba? Makarantar kwana ya yi ko jeka-ka-dawo? Sannan tambayar da ta fi kowacce amfani: a cikin gungunsu, shi ne ya tafi ko shi aka bari?

Ka kuma gano abu biyu na zahiri. Zai iya karanta fassarar da ke gudu a ƙasan allo ba tare da ya gaji ba? Zai jure fim mai launin baƙi da fari? Akwai wanda da ya ga allon babu kala ya gama yanke hukunci, komai za ka faɗa.

Mataki na uku: haɗa amsarsa da fim

Nan aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Wanda ya ce maka shekarunsa sun haura ashirin da biyar yana gidan iyaye, yana karɓar kuɗin aski a hannun 'yar'uwarsa, ba shi I Vitelloni na Federico Fellini, wanda ya fito a Italiya a 1953. Kakan wannan layin ke nan. Ma'anar sunan ita ce manyan maruƙa, wato sun isa yaye amma suna nan suna tsotso. Samari biyar ne a wani ƙaramin gari na bakin teku, irin Rimini inda aka haifi Fellini kansa. Fausto ya yi wa ƙanwar abokinsa ciki an ɗaura musu aure dole, an sama masa aiki a shagon sayar da gumakan coci, ya kasa riƙewa. Alberto kuma da guminta 'yar'uwarsa ke ci da shi. Akwai wurin da Alberto ya leƙo daga mota ya yi wa leburorin titi gwalo da ba'a, tafiya kaɗan motar ta mutu, leburorin suka biyo su a guje. Duk wanda ya san majalisar unguwa ya san Alberto, wataƙila ma ya san sunansa na gaskiya. Fim ɗin ya samu kyautar Zakin Azurfa a bikin finafinai na Venice a shekarar da ya fito, amma kada ka fara da wannan bayanin, ba ya sayar da fim a wajen kowa.

Wanda abin da ke damunsa shi ne tafiya ko zama, ba shi American Graffiti na George Lucas, na 1973, kafin Lucas ya yi Star Wars. Dare ɗaya ne a garin Modesto na Kalifoniya a 1962. Abokai biyu za su hau jirgi da safe su tafi jami'a, ɗaya ya ƙagu ya tafi, ɗayan zuciyarsa na rawa. Daren kakaf a cikin motoci ake yin sa, ana kai da kawowa a kan titi ɗaya, kowace mota ta kama tashar rediyo ɗaya inda Wolfman Jack ke sako waƙoƙi, sama da arba'in a tsawon fim ɗin. Harrison Ford yana ciki da hular kaboyi, lokacin ba wanda ya san shi. In mutumin ya taɓa yin yawon dare a babur ba don zai je ko'ina ba, sai don kawai zama a gida ya gagara, wannan nasa ne.

Ɗan makarantar kwana, wanda har yanzu yana tuna sunan siniyan da ya sa shi tsallen kwaɗo, Dazed and Confused ne nasa. Linklater ya yi shi a 1993, labarin ranar ƙarshe ta makaranta ce a Texas, 28 ga Mayu 1976. Manyan ɗalibai suna farautar sababbin shiga da katako suna zane su, yaran suna ɓuya, dare ya yi kuma wanda ya dake ka ya ja ka cikin motarsa ya saya maka abin sha. Wannan rikitacciyar alaƙa ta mugunta da jan-a-jiki ce ta sa fim ɗin ya zauna wa mutane. A nan Matthew McConaughey ya fara fitowa idon duniya, a matsayin wani gardi da ya gama makaranta tuntuni amma yana nan yana bin yara. Bai yi wata kasuwa a sinima ba, a kaset ya samu mutanensa. Sai dai shan wiwi da giya a cikinsa ba kaɗan ba ne, za mu zo kan wannan.

Ɗan teburin mai shayi, gwanin musun ƙwallo har ƙarfe biyun dare, ba shi Diner na Barry Levinson, na 1982. Baltimore ce a makon ƙarshe na 1959, abokai sun taru don auren ɗayansu, kullum dare suna ƙarewa a gidan abinci ɗaya suna gardama a kan mawaƙa da ragowar abincin wani. Angon ya kafa wa amarya sharaɗi: sai ta ci jarrabawar da ya shirya mata a kan ƙwallon Amurka da ƙungiyarsa ta Baltimore Colts, in ta faɗi an fasa. Faɗa wa mai goyon bayan wata ƙungiya a unguwarku wannan kawai, za ka ga ya gyara zama.

In mutum ya fi sabawa da finafinan Indiya, kada ka tsallaka da shi teku tun ranar farko. Dil Chahta Hai na 2001 yana nan, fim ɗin farko na Farhan Akhtar, da Aamir Khan da Saif Ali Khan da Akshaye Khanna. Abokai uku sun gama kwaleji, sun tafi Goa a mota, sun zauna a kan katangar wata tsohuwar ganuwa suna kallon teku suna cewa za su riƙa dawowa duk shekara, ɗayansu ya ce wa ya sani ko nan da shekara goma ma za su ga juna. Yana da waƙoƙi, yana da soyayya, ya kai awa uku, don haka mai kallon Indiya ba zai ji an yaudare shi ba. 'Ya'yan masu kuɗi ne, wannan gaskiya ne, kuma akwai wanda hakan zai ɓata masa rai. In ya karɓu, sai ka biyo shi da Wake Up Sid na 2009, inda Ranbir Kapoor ya faɗi jarrabawa ya bar gidan ubansa a Mumbai.

Ga wanda nake ji da shi. Temporada de patos na Fernando Eimbcke, daga Meziko, 2004. Yara biyu 'yan shekara sha huɗu, Flama da Moko, an bar musu gida ranar Lahadi a wani dogon bene na unguwar Tlatelolco, da kuɗin fiza da lemo da na'urar wasan bidiyo. Suna tsaka da wasa aka ɗauke wuta. Mai kawo fiza ya iso, suka ce ya makara da daƙiƙa goma sha ɗaya don haka ba za su biya ba, shi kuma ya ce ba inda za shi. Yarinyar maƙwabta ta shigo aron murhun gasa kek. Shi ke nan fim ɗin, mutum huɗu a falo ɗaya suna jiran wuta, a hankali kowa yana fito da abin da ke cinsa. Ba sai an yi wa ɗan Najeriya bayanin abin da ɗauke wuta ke yi wa yini ba. Baƙi da fari ne, bai wuce awa ɗaya da rabi ba.

Mata fa? Yawancin waɗannan finafinai na maza ne, kuma in ka ba ƙanwarka Diner za ta tambaye ka ina matan suke, ta kuwa yi gaskiya. Take Care of My Cat na Jeong Jae-eun, daga Koriya ta Kudu a 2001, shi ne amsar. Ƙawaye biyar sun gama sakandaren koyon kasuwanci a Incheon. Ɗaya ta samu aikin ofis a Seoul ta fara ɗaga kai, ɗaya tana zaune da kakanninta a gidan da rufinsa ke neman ruftawa, ɗaya tana yi wa babanta aiki ba albashi tana ta ƙoƙarin haɗa kan sauran a waya. Wata 'yar kyanwa ce ke yawo daga hannun wannan zuwa na waccan. Duk wadda ta ga yadda aure ko aiki ya watse ƙawayen ajinsu za ta gane shi tun kafin a yi nisa.

Saura biyu a gurguje. Cooley High na 1975, baƙaƙen ɗalibai a Shikago a 1964, da kiɗan Motown, wato waƙoƙin baƙaƙen Amurka na wancan zamani, ana gudu daga aji a tafi gidan namun daji. Dariya ce har kusan ƙarshe, sannan ya doke ka a ƙirji. The Boys from Fengkuei na Hou Hsiao-hsien, na 1983, samarin wani ƙauyen masunta a Taiwan sun shiga birnin Kaohsiung suna jiran kiran aikin soja. Wani ɗan damfara ya karɓi kuɗinsu ya ce su hau bene za su ga fim mai kala a babban allo, suka hau suka tarar da kangon gini da wata ƙatuwar taga tana kallon birni. Ɗan ƙauyen da ya taɓa shiga birni aka yi masa wayo zai yi dariya mai ciwo.

Mai mafarkin fita waje kuma, na Afirka zai fi shigarsa. Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty, Senegal, 1973: Mory da babur ɗinsa mai ƙahon sa a gaba, da Anta ɗalibar jami'a, suna neman kuɗin jirgin ruwa zuwa Faransa ta kowace hanya. Ko Heremakono na Abderrahmane Sissako, na 2002, inda wani saurayi ke zaune a ɗakin uwarsa a Nouadhibou ta Muritaniya yana jiran tafiya Turai, yana kallon ƙafafun masu wucewa ta wata 'yar taga. Wannan ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 2003. Dukansu biyu sai mai haƙuri, ajiye su zuwa zagaye na uku.

Mataki na huɗu: duba abin da ke ciki kafin ka buɗe baki

Wannan mataki ne da masoya fim ke tsallakewa, kuma shi ke zubar da mutunci. Finafinan samartaka na Turawa cike suke da giya, wiwi, ashar da maganar mata. Kai da ka kalla shekara biyar baya ka manta, abin da ka riƙe shi ne daɗin. Sake kallo, ko aƙalla ka buɗe shafin fim ɗin a IMDb, dandalin bayanan finafinai na intanet, akwai sashen jagorar iyaye inda ake jera kowane wuri na tsiraici, zagi, shaye-shaye da tashin hankali.

Sai ka faɗa wa mutumin gaskiya a jimla ɗaya. Dazed and Confused hayaƙi ne daga farko har ƙarshe. A Temporada de patos akwai wiwi a cikin kek ɗin, akwai kuma batun sha'awa da ya fara taso wa yaran. Touki Bouki yana buɗewa da yankan shanu a mayanka, jini male-male, kuma akwai tsiraici. Diner yana da wani wasan banza a gidan sinima da ba za ka so ka gani kusa da surukinka ba. Dil Chahta Hai da Take Care of My Cat sun fi sauƙin kallo a falo, duk da cewa na farkon ma akwai kwalba a ciki. Wanda ya ce shi ba ya kallon irin wannan, ka ce masa madalla, ka canza masa wani, kada ka tsaya kare fim kamar kai ka yi shi.

Mataki na biyar: yadda za ka gabatar

Jimla uku sun isa: ina ne kuma yaushe, su waye, da wuri guda da zai ja shi. Ka kuma faɗa masa tun farko cewa babu wani babban abu da zai faru. Haka na yi wa yayana:

"Yaya, akwai wani tsohon fim na Italiya, wallahi kamar majalisarku ta da aka ɗauka."

"Kai dai da kwashe-kwashe. Na faɗa ne?"

"Ko mari ɗaya kirki babu, Yaya, sai dukan da wani uba ya yi wa ƙaton ɗansa da bel. Samari biyar ne ba aikin fari ba na baƙi. In ka kai minti talatin ba ka ga wani abokinka a ciki ba, kashe, ni zan saya maka katin data."

Wannan alƙawarin na minti talatin yana aiki, domin ya sauke wa mutum nauyin sai ya gama. Abu biyu kuma kada ka yi. Kada ka ce shi ne fim mafi kyau a duniya, za ka sa ya zauna yana jiran abin mamaki. Kada kuma ka faɗi wanda ya tafi da wanda ya zauna. A American Graffiti da Cooley High akwai rubutun da ke fitowa a ƙarshe yana faɗin makomar kowa. Gaya masa kawai kada ya kashe da wuri.

Mataki na shida: ɗaya tak

Kada ka tura masa sunaye goma a WhatsApp. Zai ce an gode, ba zai kalli ko ɗaya ba. Ba shi ɗaya. In ya dawo da kansa, ka ba shi na biyu wanda ya ɗan fi na farko sanyin tafiya. Tsarin da na fi bi ga sabon shiga shi ne Dil Chahta Hai ko American Graffiti, sannan Temporada de patos, sannan Fellini, sai can gaba Hou ko Sissako. Slacker sai ya roƙa da bakinsa.

La Haine na Mathieu Kassovitz, na 1995, mutane kan sa shi a wannan jerin saboda samari uku ne ke yawo a unguwannin bayan birnin Faris na ƙasa da kwana ɗaya. Amma akwai bindigar ɗan sanda a ƙugun ɗayansu kuma agogo na bugawa a allo. Wanda ya zo neman kewa zai tashi da hawan jini. Ba shi, amma ka faɗa masa ba na hutawa ba ne.

Mataki na bakwai: shirya zaman kallon

Da dare ake kallonsu, bayan isha'i, lokacin da ba a aiken kowa. Sauke fim ɗin gaba ɗaya tun da rana ta halastacciyar hanya, ka gwada fassarar ƙasan allo ka ga tana tafiya daidai da baki, domin fim ɗin da hira ce jarinsa in fassara ta yi gaba ko baya ya mutu. Caja kwamfuta ta cika. In da hali a haɗa da lasifika, musamman American Graffiti da Cooley High da kiɗa ke ɗauke da rabin nauyinsu. Kada a yanka shi gida huɗu ana kallo a waya a cikin A Daidaita Sahu, zama ɗaya yake so.

Mutum uku zuwa huɗu sun isa, kuma in tsofaffin abokai ne ya fi. A bar su su yi magana a kan fim ɗin. In wani ya ce, "Kai, wannan ai wane ne!" aka fashe da dariya aka rasa jimla biyu, ba a yi asarar komai ba. Abin da za ka hana shi ne danna waya.

Mataki na takwas: bayan an gama

Kada ka tambaya ko ya yi daɗi, kunya za ta sa a ce maka eh. Tambaye shi wane ne shi a cikinsu, wane ne kuma ya tuna masa da wani. Amsar ita za ta nuna maka na gaba. In ya ce shi ne Moraldo, mai shiru-shirun cikin samarin Fellini, ba shi na Hou. In dariyar musun ce ta kama shi, Diner, daga nan Everybody Wants Some!! na Linklater, na 2016, 'yan wasan ƙwallon baseball na wata jami'a a kwanaki ukun da suka rage a fara karatu a 1980. In kuwa ya ce shi dai har aka tashi bai ga labari ba, karɓi abinka ba gardama, ka saya masa datar da ka yi alƙawari, ka nemo masa Lakshya.